Karnukan Attajiri

Sai da aka gama hidimar ƙaramar sallah, aka mayar da dawakin hawa turke, sannan mai unguwa ya aika a kira taro a ƙofar gidansa bayan isha'i. Ni aka miƙa wa littafi da biro, don tun ranar da aka kafa kwamitin tsaron unguwarmu ni ne magatakarda. Ba wai na fi kowa iya rubutu ba ne, cewa a'a ce ban iya ba.

Abin da ya tara mu kowa ya sani. A daren ashirin da bakwai ga azumi, lokacin da teloli ba sa runtsawa, wani yaro ɗan shekara 16 mai koyon ɗinki ya fito daga shagon maigidansa zai karɓo zare a bakin titi. Wayar maigidan ce a hannunsa, a cikinta akwai awon mutane da hotunan ɗinkin sallah. Yara uku suka tare shi a lungun bayan masallaci, suka ce ya kawo. Da tasa ce, wataƙila da ya saki. Ya riƙe gam, aka soka masa ɗan buda a ƙarƙashin haƙarƙari, kafin a samo adaidaita sahu rai ya yi halinsa. Babban cikin ukun bai cika ashirin ba, ƙaraminsu kuwa tare suka yi makarantar allo da mamacin. Duk wanda ya zauna a kan tabarma a daren nan ya san sunayensu, ya san iyayensu, wasunmu ma sun ci waina ranar sunansu.

Shugaban kwamiti shi ne Honarabul. Ya taɓa yin kansila, yanzu kuma mai ba da shawara ne a wani ofishi, ko da yake ban taɓa jin shawarar da ya bayar ba. Ya iso a makare, ya bar motarsa a bakin lungu, samari huɗu suka jingina da ita, idanu jajur, ba wanda suka yi wa sallama. Ya tuɓe takalmi, ya zauna kusa da liman, ya ce a buɗe da addu'a.

Hedimasta ne ya fara. Ya ce laifin iyaye ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce abin ya zama ruwan dare: a Gombe kalare ake ce musu, a Bauchi sara-suka, a Kaduna 'yan shara, a Borno an yi waɗanda aka laƙaba wa Ekomog, har Damagaram ta Nijar suna da nasu a unguwar Kara-Kara, waɗanda wata 'yar garin, Aicha Macky, ta yi fim a kansu a 2021. Bai ambaci cewa a makarantarsa yaro kan yi wata guda bai leƙo aji ba, ba kuma wanda zai aika gida a tambayi lafiya. Na rubuta: laifin iyaye.

Mai kemis ya karɓa. Shi a wurinsa ƙwaya ce uwar matsala. Ya tuna mana yadda BBC ta nuna rahoton kodin a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a farkon Mayu, amma yara ba su rasa mafita ba, suka koma wa tiramol da roci da sholisho da madarar sukudayi, ban da wiwi da ta riga su duka zuwa. Ya jero sunayen nan tiryan-tiryan, har da wadda ta yi tsada da wadda ta sauko, kamar mai karanto kayan da ke kan kantarsa. Ya ce sai hukumar NDLEA ta ƙara ƙaimi. Na rubuta: laifin ƙwaya.

Mai shagon waya ya ce yaranmu ba haka suke ba, na ƙetaren titi ne ke shigowa suna ɓata su. Liman ya ce a dage da alƙunutu. Duk na rubuta.

Sufeto mai ritaya ne kaɗai ya kusa taka wutsiyar maciji. Ya ce shi ya yi aiki har zamanin kwamishina Muhammad Wakili, wanda Kanawa suka raɗa wa Singham a 2019, ya kuma ga lokacin da aka kira 'yan daba a 2023 su ajiye makamai su tuba, har aka ɗauki 50 daga cikinsu aikin 'yan sandan sa-kai, aka yi ta cece-kuce. Ya ce an hana tashe, an hana kilisa, duk don a toshe musu hanya. "Amma ranka ya daɗe," in ji shi, "kamu ba shi da wuya, riƙo ne wuya. Sai ka kwana kana bin yaro lungu-lungu, ka kawo shi caji ofis da asuba, kafin hantsi waya ta yi ƙara." Ya ɗago kai, ya ga daga inda ake kallonsa, ya ce, "To, Allah dai ya kyauta." Na tsaya da biro a sama, daga baya na rubuta: Allah ya kyauta.

Honarabul ya yi jawabi mai tsawo. Muryarsa ta yi rawa da ya zo kan mamacin. Ya yi alƙawarin fitilu da usur ga 'yan sintiri, ya ce duk yaron da aka kama da makami, ko ɗan waye, a miƙa shi hukuma. Aka yi masa kabbara.

Yana cikin magana idona ya kai kan wani yaro da bai fi shekara goma ba, yana tsaye kusa da samarin motar, riƙe da ruwan leda biyu, yana kallon bakin babbansu kamar almajiri a gaban alaramma. Mutane na cewa yaran nan ba su da tarbiyya. Ni ban yarda ba. Tarbiyya gare su cikakkiya, makarantar ce dai daban, kuma ta fi ta hedimasta kula da ɗalibanta. Da aike ake farawa: sayo taba, riƙe kare, ɓoye wuƙa a ƙugu tunda ba a caje ƙaramin yaro. Ladansa ragowar shayi da burodi, da kuma abin da ya fi shayi, wato daga ranar ba mai ƙara dukansa a unguwa. A gida shi ne na goma sha ɗaya, uban ya fita tun asuba neman abin da a da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ke bayarwa kafin yawancinsu su rufe, ba wanda ya san ko ya ci ko bai ci ba. A daba kuwa in ya yi kwana ɗaya bai zo ba sai an aiko. Can za a ba shi suna, na dabba ko na makami, sunan da ya fi na yanka nauyi a kunnen sa'anninsa. Ƙwayar farko kyauta ce. Faɗan farko da yaran wata unguwa ne, a kan gabar da ba wanda ya tuna mafarinta, gadonta kawai aka yi kamar yadda ake gadon gona. Tabon sara shi ne takardar shaida. Wanda ya je Kurmawa ko Goron Dutse ya dawo, tarbarsa ake yi kamar mai dawowa daga Makka, ya kuwa dawo da ilimin da ya ɗara wanda ya tafi da shi. Suna da dokoki, suna kuma kiyaye su fiye da yadda muke kiyaye namu: ba a tona asiri, ba a gudu a bar ɗan'uwa a ƙasa, ba a barin jini ba ramuwa. Yanzu ma kirarin da a da sai a filin gangi ake jinsa ya koma TikTok, yaro ya ɗaga barandami, dubban mutane su danna masa alamar so. Wannan duk ban rubuta ba, don ba wanda ya faɗa.

An kusa tashi, sai mai unguwa ya waiwaya ƙarshen tabarma ya ce, "Baba, ba ka ce komai ba."

Baba mafarauci ya haura tamanin da biyar. Ba ɗan kwamiti ba ne, zuwa yake yi ya zauna don gidansa ne ke kallon na mai unguwa. Yana yaro aka kafa NEPU a Kano, a 1950. Yana tasowa aka fara tara majiya ƙarfi da masu tauri ana tura su watsa laccar abokan hamayya. 'Yan Mahaukata ake ce wa na ɓangaren masu mulki, su ma mutanen Malam Aminu Kano ba su naɗe hannu ba, sai da suka tara masu kare su. A gabansa banga ta yi rarrafe har ta miƙe. A Disambar 1980 yana cikin masu taurin da suka tunkari mutanen Maitatsine a 'Yan Awaki, lokacin gari kirari ya yi musu. Ya ga zamanin santsi da taɓo, da PRP ta dare gida biyu, ya ga ranar 10 ga Yulin 1981 da aka kashe Dakta Bala Muhammad. Ya taɓa gaya mini cewa su a ƙuruciyarsu daba wurin zama ce kawai, gindin bishiya ko wani kango inda mafarautan unguwa ke haɗuwa da karnukansu kafin a fita daji da rani. Ana faɗa, bai ce ba a yi ba, amma a daji ake raba raini a kan gada ko zomo, kuma a daji ake baro shi.

Ya gyara zaman sandarsa a cinya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san komai a kan yaran zamani ba. Kare na sani. In an yarda in ba da labarin wasu karnuka, sai in bayar."

Aka yi 'yar dariya. Mai unguwa ya ce bismilla.

"A wani gari ne can gabas, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsu na nan. Garin yana da fadama guda ɗaya, mai albarka, rake da albasa da tumatur. Al'adarsu ita ce bayan kowace damina huɗu ana sake rabo. Ranar rabo kowa ya fito da mutanensa bakin fadama, dagaci ya ƙirga kawuna, wanda nasa suka fi yawa shi ke ɗaukar tsakiya, inda ruwa ba ya ƙafewa. To akwai wani attajiri da ya ɗanɗana tsakiyar nan sau ɗaya, ya ji ba zai iya komawa gefe ba. Ya duba, ya ga mutanen abokin karawarsa na ƙetaren rafi sun fi nasa yawa. Sai ya ce a ransa, ai ba sai nawa sun ƙaru ba, ya isa nasa su kasa isowa.

"Sai ya shiga tara karnuka. Garin kuwa cike yake da kwikwiyoyin da ba mai su, suna kwana a juji. Allah gafarta Malam, kiwon karen farauta yana da ƙa'ida. Kullum za ka ba shi abinci, ko ya kama ko bai kama ba, don kada ya haɗa cizo da ƙoshi. Ka koya masa ya kama ya kawo maka, ka koya masa in ka ce bari ya bari. Karen da bai san bari ba, ba kare ba ne, kura ce kake kiwo. Shi attajirin nan sai ya juya abin. Ba ya ba su komai sai sun ciji. Ana saura kwana bakwai rabo zai sa a yanka akuya, a dafa romo, a je wurin mai magani a karɓo zaƙami a zuba a ciki. Karen da ya sha wannan ba ya ganin mutum, inuwa yake gani. Ranar rabo aka sake su a mashigar rafi tun da asuba. Tsofaffi suka koma gida, mata suka koma gida, dagaci ya ƙirga waɗanda ya gani, attajiri ya ɗauki tsakiya.

"Da yamma ya tara su a ƙofar gida. Wanda ya fi kowa zurfin cizo shi aka jefa wa hanta, aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Ku lura da wannan, don nan ne abin yake. Ƙananan kwikwiyoyi suna gefe suna kallo. Ba wanda ya kira su ya ce ku ciji mutum. Sun dai ga wanda aka ba hanta."

Baba ya tsaya ya yi tari. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

"Shi ma na ƙetaren rafi da ya ga haka, sai ya tara nasa. Kafin rabo na gaba kowane attajiri da garkensa, har karnukan suka ƙulla gaba tsakaninsu, na nan ba ya sha a mashayar na can. In sun haɗu sai an kwashi gawa, alhali iyayengijin nasu suna haɗuwa a ɗaurin aure su ci shinkafa a faranti ɗaya.

"To rabo kwana ɗaya ne, damina huɗu kuwa tana da tsawo. Washegarin rabo attajiri ya rufe ƙofa. Karnuka suka kwana biyu a bakin zaure, ba romo, ba ƙashi. Ga yunwa, ga ƙishin zaƙami, ga abu ɗaya tak da aka koya musu. Suka fara da kaji, suka koma awaki. Akwai wani mahauci a kasuwar garin, mutumin kirki, ba ya fashin jam'i. In an kawo masa akuya da shaidar haƙori a wuya, ba ya tambayar ta wace ce, rabin kuɗi yake saye, ya feɗe, ya gyara, ya rataye. Masu saye su ma sun san naman da ya yi araha haka akwai dalili, amma miya ba ta tambaya."

A nan wayar da ke aljihuna ta yi mini nauyi. Bara na saye ta a wurin mai shagon waya, ba kwali, ba rasit, rabin kuɗinta. Da na kunna ta a gida na tarar da hotunan wata jaririya cikin farin tawul, guda bakwai ko takwas, na goge su ɗaya bayan ɗaya, na ce wa kaina mai ita ce ta sayar don buƙata. Na saci kallon mai shagon, na ga ya duƙufa yana cire wani zare daga tabarma.

"Shi ma mai magani bai daina haɗa zaƙami ba, ya ce shi sana'arsa yake yi, bai taɓa cizon kowa ba. Matan gari kuwa in an ce karnukan nan sun kori na ƙetare har gida, guɗa suke yi, su ce namu ba sa wasa. Akwai wadda karenta ke shigo mata da zabuwa a baki, ta karɓa ta fige, ba ta taɓa cewa daga ina ba. Sarkin baka na garin ya yi iya ƙoƙarinsa. Yakan ɗana tarko ya kama biyu ko uku, ya ɗaure a gindin tsamiya. Cikin dare sai ga baran attajiri da goro a ƙunshe, ya ce maigida na gaisuwa, ya ce wannan mai jan ƙyallen nasa ne, a yi haƙuri, ƙuruciya ce. Kafin gari ya waye igiya ce kawai a gindin tsamiya."

Honarabul ya duba agogo ya yi murmushi. "Baba, dare fa yana yi."

"Yana yi, ɗana. Saura kaɗan."

Mai unguwa ya ce, "A bar shi ya ƙarasa."

"Ana nan, wata rana da asuba, ɗan wata bazawara ya fita ɗebo ruwa a rijiya. Shi kaɗai gare ta. Tulun ma ba nasu ba ne, aro ne, shi ya sa da suka taso masa bai jefar ya gudu ba."

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi." Mai kemis ya ce, "Ai da ɗan attajirin suka samu, da ya gane."

Baba ya juya ya dube shi. "Ɗan attajiri? A ina za su gan shi? Ai nasa 'ya'yan tuni ya tura su birni karatu, gidansa kuwa katangarsa tsawon mutum biyu ce. A tatsuniya ne kare ke cizon ɗan ubangidansa. Wannan labari nake ba ku.

"Ranar zaman makoki attajiri ne ya fara isowa. Buhun gero ya kawo, shi ya biya likkafani, ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Da aka zauna shawarar yadda za a yi da karnuka, kowa ya ce ai ba wanda ya cancanci shugabanci sai shi, tunda shi ya fi kowa jin zafin abin. Ya sayo sanduna ya raba. Aka fita, aka kashe tara. Na ga gawarwakinsu da idona: ramammu, ƙanana, waɗanda gudu ya gagara. Aka jera su a bakin kasuwa kowa ya zo ya gani, maroƙa suka yi wa attajiri kirari. Wasu kuma da suka kwantar da kai aka yi musu wanka da sabulu, aka ce sun daina. Wallahi wasunsu da gaske suke, don kare ma yana gajiya da cizo, da an ci gaba da ba su tuwo kullum da shi ke nan. Sai dai tuwon na kwana uku ne, ranar da 'yan kallo suka watse aka ɗauke akushi.

"Shi kuwa mai jan ƙyalle, duk makon nan a zauren attajiri ya kwana, a bayan buhunan gyaɗa. A gindin rumbunsa kuma wata karya ta haifi shida. Bara ya zo ya ce, maigida, a kai su juji? Ya ce a'a, bar su, saura damina biyu a sake rabo."

Ya yi shiru. Muka jira, muka ga ba shi da niyyar ci gaba. Hedimasta ya ce, "To Baba, ƙarshenta yaya aka yi?"

"Ban tsaya ganin ƙarshe ba. Na tattara nawa-i-nawa na ce bari in dawo Kano, inda ba a irin wannan."

Sufeto ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba ko dariya yake yi. Liman ya ce, "Baba, kai kuwa me ya kai ka garin har ka san abin da ke bayan buhunan gyaɗa?"

Tsohon ya naɗe hannun rigarsa ta hagu. Akwai wani tabo da ya taso daga gwiwar hannu har kusa da kafaɗa, ya yi fari saboda daɗewa. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Allah gafarta Malam, attajiri bai san yadda ake kama kwikwiyo ba. Sai da ya nemi wanda ya sani. Biyun farko ni na kai masa, ni na nuna masa yawan zaƙamin da ake zubawa. Sule goma ya ba ni da riga. Rigar ta daɗe da yagewa." Ya sauke hannun rigar. "Shi ya sa ban ce komai ba ɗazu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari."

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma Honarabul ya jure, na ba shi wannan. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Kai, Baba akwai labari! Allah ya ƙara lafiya." Ya zaro sababbin 'yan dubu-dubu daga aljihun gaba, ya ajiye a gaban tsohon, ya ce a sayi goro. Baba bai taɓa su ba, bai kuma mayar ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya yi wa mai unguwa sai da safe, ya tsallaka lungu ya shige gida. Kuɗin suka zauna a kan tabarma, iska na ɗaga gefensu, kowa na kallon wani wuri.

A daidai nan wayar Honarabul ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe, ya matsa can jikin katanga ya juya mana baya. Dare ya yi tsit, don haka ba sai mutum ya kasa kunne ba. "E, na ji... Su nawa?... A'a, wannan ɗin yaron kirki ne, na san babansa... Ka ce masa ina gaisuwa, zan turo da safe."

Ya dawo ya saka takalmi. Samarin suka buɗe masa ƙofar mota. Babbansu ya karɓi ruwan leda daga hannun yaron nan, ya sha rabi, ya miƙa masa sauran, ya shafa kansa. Yaron ya bi motar da gudu har bakin titi.

Muna naɗe tabarmi mai unguwa ya ɗebe kuɗin, ya ce gobe a kai wa mahaifiyar mamacin, a ce daga kwamiti. Sannan ya dube ni.

"Malam magatakarda, me ka rubuta a kan maganar Baba?"

Na buɗe littafin a ƙarƙashin fitilar ƙofar gida. Shafin ya cika da laifin iyaye, da laifin ƙwaya, da yaran ƙetaren titi, da fitilu da usur. A ƙasa akwai layi ɗaya da ya rage.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban rubuta ba tukuna."

Ya ɗan yi jim, yana kallon ƙofar gidan tsohon. Ya ce, "Rubuta cewa Baba ya yi mana addu'a."

Na rubuta.